Kwandon Sharar Dogo

Kwamfuta tamanin da uku ce a ma'aikatarmu, ni kaɗai ke kula da su. In abu ya lalace ni ne Injiniya, in komai lafiya ko sallama ba na samu. Ranar Talata na tura sabuwar manhajar ofis daga teburina zuwa dukkansu lokaci guda. Tsofaffi ne, cikinsu ya cika, don haka na tsara ta fara kwashe kwandon shara na kowace kwamfuta, inda abin da aka goge ke taruwa, sannan ta zuba sababbin fayiloli a gurbin. Sau uku na aika sanarwa, ba wanda ya karanta, kamar kullum.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci ihu ya tashi daga ɗakin ajiyar takardu. Na ruga na tarar da Dogo, mai kula da ɗakin, tsaye a gaban kwamfutarsa. Shekara goma sha tara yana wurin ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Bara 'yarsa ta rasu, tana da shekara shida.

"Injiniya, ina muryarta?"

"Muryar wa, Yaya?"

Ya shaƙe min wuyan riga, yana magana yawu na fallatsa min a fuska. Ashe saƙonnin murya arba'in da ɗaya da yarinyar ta yi masa ya kwafe daga wayarsa kafin wayar ta mutu. An hana ajiye abin gida a kwamfutar ofis, sai ya ɓoye su a kwandon shara, don masu bincike ba sa leƙa can.

Na waiga wajen kwamfutar. Abin da aka kwashe bai tafi ba tukuna, sai an rubuta wani a kansa, kuma abin da manhajata ke yi ke nan a lokacin. Allon na nuna kashi goma sha biyu cikin ɗari.

"Sake ni in zare filogi! Yanzu, Yaya, yanzu!"

"Ka ƙara taɓa ta? Wallahi sai na karya hannun!"

Na fizge na yi wajen soket. Ya ɗauki kibod ya rafka min a baki, maɓallai suka watse a ƙasa, haƙorina ɗaya ya bi su. Ya damƙi ƙeyata ya buga goshina a jikin kabad ɗin ƙarfe, sau biyu, har fayiloli suka zubo mana. Ina ihu ina yi masa bayani, jini ya cika min baki, ni kaina ba na gane abin da nake faɗa. Raina ya ɓaci. Na gantsara masa cizo a hannu, na laluɓo abin huda takarda na maka masa a kunne. Ya taka min yatsu da takalmi har na ji sun yi ƙara. Na ɗaga kai na ga kashi hamsin da takwas.

Sai ga masu gadi biyu da kulake. Suka rufe Dogo da duka, kafaɗa, haƙarƙari, gwiwa, yana durƙushe ya rungume kwamfutar kada a taɓa ta. Na ja ciki zuwa ƙarƙashin tebur, saura taki ɗaya hannuna ya kai filogin, sai wani mai gadi ya kama ƙafata ya ja ni har baranda.

"Sannu Injiniya, mun cece ka!"

Na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa kowa ba. Kafin in koma, allon ya cika ɗari, yana yi wa kowa maraba.

Kwana uku na yi a kan kwamfutar da hannu a ɗaure. Sunayen saƙonnin duk sun dawo, amma ɗaya tak ya buɗe, shi ma daƙiƙa biyu ne. Na sa shi a wata tsohuwar waya na nufi gidan Dogo, wanda aka dakatar daga aiki. Da haushi na tafi. Tun a hanya nake shirya yadda zan gaya masa cewa dukan da ya yi min ne ya cinye sauran.

Na same shi kwance a tabarma, kunnensa a naɗe. Na danna masa. Wani ɗan numfashi ya fito, sannan siririyar murya ta ce, "Baba, ka ji..." Shi ke nan.

Ya saurara sau huɗu. Sannan ya dubi kumburarren bakina.

"Injiniya, tsakani da Allah. Da na sake ka, da an samu sauran?"

Tausayinsa ya kama ni.

"A'a, Yaya," na ce. "Kafin in shigo sun riga sun tafi."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya kai wayar kunnensa mai lafiya, ya sake dannawa.