Kwancin Gashin Doki

Sandugash ce ta fara lura da sawun, domin ita tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu ta wuce sai ta tona shi. Hutun sabuwar shekara ne, gidan mahaifinta, tsoho Toleubek, ya cika maƙil da 'ya'ya da surukai da jikoki. An kwana biyu ana ɗirkar naman doki da shayi mai madara har mutane suka fara nishi, a rana ta uku aka ce to, a fita tudun bayan ƙauye, wanda dusar ƙanƙara ta rufe, a zazzage cikin.

Kowa ya zo da katakan zamiya na kanti, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa a sulala kan ƙanƙara, sai sheƙi suke yi. Tsohon kuwa nasa na gida ya ɗaura, waɗanda yake sassaƙawa da hannunsa, ya lulluɓe ƙasansu da fatar ƙafar doki. Duk ɗan yankin duwatsun Altai ya san aikin fatar nan: gashin yana kwance zuwa baya, in za ka gangara ya sulale da kai, in za ka hau ya miƙe ya kama ƙanƙara. Rabin mazan ƙauyen a wurinsa suka koyi ɗora ta.

Nurlibek, babban ɗansa, likita ne a birnin Oskemen, kuma ya riga ya gyara wa uban ɗaki a gidansa. Shekara biyu ana jan maganar komawarsa can. Daga ƙarshe tsohon ya yanke da kansa: ranar da ya kasa kaiwa ga bishiyar nan tilo da ke kan tudu, a ranar zai haɗa kayansa. Shi ya sa da ya kama hawa ba wanda ya tanka, aka bar shi ya yi gaba.

Sandugash ta bi bayansa da kallo, sannan ta dubi ƙasa. Sawun dama ya tafi sambal. Na hagu kuwa kowane taku sai ya ja baya kamar taƙi guda, ya bar dusar a dagule. Gwiwa ce? Ai mai ciwon gwiwa dogarawa yake yi, kuma ramin sandarsa bai yi zurfi ba. Ta durƙusa ta auna da tafin hannu, ta ƙara gaba ta sake aunawa. Abin ya tsaya mata a rai.

"Ke kuma me kika yar?" Nurlibek ya ƙwala mata daga ƙasa.

"Hankalinka nake nema, Yaya, an ce nan ya faɗi!"

Ta bar su suna dariya, ta kama hawa a karkace. Ta iske uban zaune kan wani dutse, bai ko ci rabin hanya ba, gumi yana bin gemunsa duk da sanyin.

"Sarkin bin diddigi," ya ce. "Yayanki ne ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina. Baba, ba ni katakon nan in gani."

"Na kanti ya gundure ki?"

Bai hana ta ba. Ta kwance igiyar na dama, ta cire safar hannu ta shafa fatar daga gaba zuwa baya, sumul. Ta juya na hagu ta shafa, sai gashin ya miƙe yana sukar tafinta. An ɗora fatar a juye. Ƙusoshin kuwa a jere suke tsaf, aikin hannunsa ne, ba wanda zai iya jera su haka.

Daɗin gano abin bai kai ko'ina ba tsoro ya kama ta. Ta so ta mai da shi wasa.

"Baba, ko a duhu ka yi aikin?"

"Da rana tsaka na yi shi." Ya karɓi katakan biyu ya ɗora a cinya, yana shafa wannan, yana shafa wancan. "Tun shekaranjiya na ji sun bambanta. Na ɗauko abin cire ƙusa, na zauna, na daɗe a zaune." Ya ɗago ya dube ta. "Sandugash, wanne ne daidai?"

 Ta ɗora yatsa a kan na dama.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗaga ido ya kalli bishiyar, tana can sama, iska tana kakkaɓe mata dusar ƙanƙara. A ƙasa jikoki suna ta ihu, wani ya kife, ana ja masa ƙafa.

"Ba sai Yaya ya sani ba," ta ce. "In muka koma gida sai mu juya fatar, ni da kai. Gobe ka hau."

"Gobe kuma me zan juya?" Ya miƙe da ƙyar, ya saɓa katako ɗaya a kafaɗa, ya miƙa mata ɗayan. "Riƙe min wannan. Ni zan gaya masa da bakina, ba ke ba."

Ita ma ta kwance nata, suka fara sauka a ƙafa, ƙanƙarar tana kai musu gwiwa, ita tana gaba tana buɗe masa hanya. Sun yi nisa kaɗan ta ji ya tsaya a bayanta.

"Ɗakin nan da yayanki ya gyara min, tagarsa tana kallon tudu?"

Ta taɓa kwana a ɗakin. Wurin ajiye motoci tagar take kallo.

"Zan je in duba maka, Baba," ta ce, ba ta waiwayo ba.