Tsawa Daga Gareji

A gidansu Nas ba a yin komai sai Yaya Babba ya sa baki, ko da fenti za a sake wa ƙofar banɗaki. Shekara da shekaru ke nan da ya tafi ƙasar waje bai leƙo ba, amma muryarsa ba ta taɓa barin gidan ba. A zauren dangi na waya yake sauke saƙon murya, dogo kamar huɗuba, da wata amsa-kuwwa a bayansa mai sa kowa ya shiga taitayinsa. Umma har fanka take sa a kashe in za a saurara. Shi ya wanke ƙaninsu tas don an gan shi yana taya matarsa wanke-wanke. Shi ne kuma ya yanke cewa Auta ba za ta tafi jami'ar da ta samu gurbi a wani gari ba, wai 'ya mace ba ta nisa da idon manya. Auta ta sha kuka har fuskarta ta kumbura. Umma ta ce, "To ya za mu yi? Babba ya riga ya faɗa."

Ana haka sai asibitin da Nas ke aiki suka tura ta kwas, kuma aka yi dace birnin da Yaya yake ne. Umma ta riƙe mata hannu ta ce, "Ki je ki gano min shi, ki ɗauko min hotonsa. Kuma ki nutsu a gabansa, ban da wannan dariyar taki ta rashin dalili."

Yaya kuwa da ya ji ta sauka, sai uzuri ya yi ta haihuwar uzuri. Yau taro, gobe tafiya, jibi mura. Sai da ta ce masa za ta haɗa shi da Umma sannan ya turo kwatancen gida.

Ranar hutu da hantsi ta yafa mayafinta mafi girma ta shiga jirgin ƙasa, tana ta bitar gaisuwa a ranta. Gidan wani dogon bene ne, ƙofofinsa duk iri ɗaya. Tana danna ƙararrawa wani kare ya ɗauki haushi daga ciki, siririn haushi kamar an taka abin wasan yara.

Wani gajeren mutum mai sanƙo da ɗan tumbi ya buɗe. Ya ɗaura ƙyallen girki mai zanen furanni, ludayi a hannu, ƙafarsa cikin silifa mai gashi. Nas ta buɗe baki za ta ba da haƙurin ɓatan kai, sai ta ga hancin marigayi babansu zaune daram a fuskarsa.

"Yaya!" Ta zube a ƙasa ta fashe da kuka.

"Sassauta, sassauta!" ya faɗa cikin raɗa yana waige-waige. "Tsohuwar da ke ƙasanmu ba ta son hayaniya. Tashi ki shigo. Cire takalmin nan, ɗazu na goge ƙasa."

A faɗi gaskiya, shi ma idonsa ya kawo ruwa. Ya dafa kanta, ya ce ta koma Umma sak. Bai rufe baki ba ƙauri ya taso daga kicin, ya kwasa da gudu, silifa na faf-faf.

Matarsa 'yar ƙasar ce, doguwa, likitar haƙori. Ta rungume Nas da murna ta gaske, ta zaunar da ita, ita ma ta miƙe ƙafa a kan kujera suka shiga hira da ɗan yaren da Nas ta tsinta a wurin kwas. Ta ce samun miji irin nata sai an tona. Girki shi ne, wanki shi ne, tunda aikinsa a gida yake yi da kwamfuta. "Tun da na aure shi," in ji ta, "ban taɓa jin ya ɗaga murya ba."

Nas ta ƙware da ruwan da take sha.

Can 'yarsu ta fito, budurwa tubarkalla, kunne toshe da abin jin kiɗa. Ta gaida gwaggonta da ɗaga yatsu biyu, ta wuce kicin ta ɗanɗana miya a tsaye, ta ce gishiri ya yi yawa. Yaya Babba ya ba ta haƙuri. A wurin cin abinci uwar ke faɗin yarinyar ta samu jami'a a wata ƙasa, ita kaɗai za ta tafi, kuma uban ne da kansa ya zaɓa mata ɗakin haya. Nas ta ɗago ta zuba wa Yaya ido. Shi kuwa ya duƙufa yana cire wa karen ƙayar kifi.

Da aka gama, likita ta ce lokacin fitar kare ya yi. Yaya ya ɗauki igiya da 'yan ledoji ba musu, Nas ta bi shi. A matakala suka yi karo da tsohuwar ƙasa, wata 'yar ƙanƙanuwa mai sanda. Ta tsare shi ta yi masa tatas kan ya jefa kwalba a kwandon takardu. Ya sunkuyar da kai yana ta "to, to", har ta gaji don kanta.

Suna rabuwa da ita wayarsa ta yi ƙara. Umma ce a zauren dangi, tana tambaya ko Nas ta isa.

"Zo mu biya ta gareji," in ji shi.

Garejin a ƙarƙashin benen yake, faɗi guda, ba kowa sai motoci da ginshiƙan siminti. Ya miƙa mata igiyar kare, ya je tsakiya ya tsaya, ya gyara murya, ya turo ƙirji. Sai ga tsawar nan da ta saba ji ta cika wurin, bango na maimaita ta.

"Salamu alaikum! Yarinyar nan ta iso. Na zaunar da ita na ja mata kunne a kan yawon banza a ƙasar mutane, kuma ina so kowa ya..."

Kare ya tsorata da muryar da bai taɓa ji ba, ya hau haushi. Nas ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya sani, amma dariyar ta ƙwace. Ta jingina da motar wani tana riƙe ciki, hawaye na zuba, mayafi ya zame.

Yaya ya goge saƙon. Tsawa ta tafi, raɗa ta dawo. "Ke Nas. Abin da kika gani a gidan nan..."

"Wanne daga ciki, Yaya? Furannin, ko karen, ko tsohuwar?"

Ya kalli silifarsa, don a ruɗe ma bai canza takalmi ba. "Ba za ki gane ba," ya ce. "A gidan nan ko labule za a saya ba a tambayata launi. Ba wai ana wulaƙanta ni ba ne, kawai dai ba a buƙatar ra'ayina. Ku kaɗai ne in na yi magana ake yin tsit."

Tausayinsa ya ɗan taɓa ta, amma bai kai ya hana ta magana ba.

"Shi ya sa Auta ke zaune a gida tana ƙirga silin, taka 'yar tana haɗa akwati?"

"Wannan daban, wancan daban."

"Haka ne." Ta ciro wayarta. "Umma hoto ta ce in kawo mata. Na ɗauke ka a falo, na kuma ɗauke ka a kicin lokacin da kake ba da haƙuri kan gishiri. Wanne kake ganin ya fi kyau a zauren dangi? Ni na kicin ya fi burge ni, hasken ya fito."

Ya kalle ta, ya kalli wayar. Sannan ya koma tsakiyar gareji, ya sake turo ƙirji.

"Salamu alaikum! Wai ni wane ne ya zaunar da Auta a gida? Ina nan aiki ya sha min kai, ashe kun bar gurbin yarinya zai wuce! Wane irin gida ne wannan da ba wanda ke tunani sai ni? A haɗa mata kaya ta tafi, kuma kar in ji wani ya ce uffan!"

Nas ta saki baki. Kafin su fito daga garejin amsoshi sun fara zubowa. Allah ya ƙara girma, Yaya. Allah ya bar mana kai. Ƙaninsu ma har da neman afuwa, wai sakacinsu ne. Auta ta turo kuka da godiya a haɗe, ba a jin abin da take faɗa.

A bakin titi karen ya tsaya ya yi abin da ya fito yi. Yaya Babba ya sa hannu cikin leda ya duƙa ya kwashe, da gwanintar wanda ya daɗe a kan aikin. Yana duƙe ya ce, "Kuma mayafin nan naki ya yi shara-shara, ki canza shi."

Tana cikin jirgin komawa masauki Umma ta kira, murya cike da farin ciki.

"Kin ji abin da yayanku ya yi? Kin ga amfanin babba a gida! Ke kuwa kina nan tare da mu wata da watanni yarinyar nan na kuka, ko sau ɗaya ba ki iya buɗe baki kin ce komai ba. Ya kika same shi?"

"Lafiya lau, Umma. Ya ɗan yi ƙiba."

"Ai dole, mutum na da masu yi masa hidima. Ina fata dai ba ki yi wannan dariyar a gabansa ba."