Inna Ta Kulle Ɗakin Kiɗa

Abokansa Mai Kunne suke ce masa, don ko allurar garmaho ta ɗan fara cinyewa shi zai riga kowa ji. Likitan haƙori ne. Yini yake da ƙugin injin huda a kunne da nishin masu ciwo, saboda haka da ya mallaki gidan kansa, abin da ya fara nema shi ne ɗakin da zai zauna ya ji kiɗa ba tare da duniya ta sa masa baki ba.

Ɗakin ƙarshen baranda ya zaɓa, dab da kicin. Ya sa aka toshe tagar da bulo, aka bi bango da bayan ƙofa da soso mai kauri aka lulluɓe da yadi. Ƙofar katako ce ninki biyu da roba a tsakani, sai ka sa kafaɗa take motsi, har ramin makullin ta ciki ya liƙe don kada sauti ya zurara. Iska na shigowa ta wani lanƙwasasshen bututu a ƙasan bango. A ciki akwai sifiku biyu a kan ƙafafun ƙarfe, da amfilifaya mai ƙwayaye da ke yin ja kamar garwashi in sun ɗumama, da kujera ɗaya tal wadda ya auna mazauninta da igiya. Ranar da aka gama aikin ya sa matarsa ta tsaya a baranda tana buga murfin tukunya, shi yana ciki bai ji komai ba. Ya fito yana washe baki. Ita kuma ta ce madalla, yanzu ta samu damar zaginsa son ranta.

Mahaifiyarsa tana zaune tare da su. Tsufa ya fara taɓa mata tunani: yau ta san kowa, gobe ta tambayi surukarta ko 'yar wane ce. Abu biyu ne ba su bar ta ba. Duk ƙofar da ta gani da makulli sai ta kulle don tsoron ɓarayi, kuma takan tashi haɗa wa maigidanta shayi, alhali ya rasu tun Mai Kunne yana makaranta. Don haka a gidan kullum kan tukunyar gas a rufe yake, ashana kuma tana can saman kabad.

Wata Asabar da rana matarsa ta tafi asibiti duba ƙanwarta da ta haihu. Tana saka takalmi tana jaddada masa ya sa ido a kan Inna, ya ce ai uwarsa ce, ba sai an koya masa ba. Bayan ta fita ya dafa wa kansa shayi, ya leƙa ɗakin Inna ya tarar tana barci, hannunta ɗaya a ƙarƙashin kunci. Akwai wani faifai da ya daɗe yana jira, jiya ya iso. Ya ajiye wayarsa a falo kamar yadda ya saba, don takan sa amfilifaya tsuwa, ya buɗe ɗakin, ya bar makullin a jiki ta waje, ya ce wa kansa gefe ɗaya kawai zai ji.

Faifan ya yi daɗi. Har numfashin mawaƙiyar yana ji kafin ta ɗauki baiti. Da allura ta kai ƙarshe ya ɗaga ta, ya miƙe, ya kama hannun ƙofa ya ja.

Ƙofar ba ta motsa ba.

Ya ɗauka robar ce ta manne, ya sake ja da hannu biyu. Ya sa ƙafa a bango ya ja. A lokacin ya ji yadda take tsayawa cak a wuri ɗaya, irin tsayawar da ƙarfe ke yi in ya shiga raminsa. Har ya yi 'yar dariya. Inna ta tashi ke nan, ta ga makulli, ta yi aikinta. Ya buga ƙofar da tafin hannu, ya kira ta. Muryarsa ta faɗa cikin soson bango ta mutu nan take, ko amo babu. Ya sake kira da ƙarfi, ya kasa kunne. Bai ji komai ba sai bugun jininsa.

Dariyar ta tafi. Ya tsaya yana kallon ƙofar da ya biya aka yi masa don kada ya ji kowa. Yanzu Inna za ta iya faɗuwa a banɗaki, za ta iya buɗe ƙofar gida ta fita titi, za ta iya tsayawa a bayan wannan katako tana kuka, shi duk ɗaya ne a wurinsa. Ya lallashi kansa cewa matarsa za ta dawo kafin magariba. Sai dabara ta zo masa: ya ƙure sauti, wataƙila rugugin ya bi ƙasa ya kai ga maƙwabta. Ya durƙusa gaban amfilifaya zai murɗa, fuskarsa kusa da bakin bututun iska.

Nan ya ji warin.

Kaɗan ne, kamar ruɓaɓɓen ƙwai daga nesa. Ya kai hancinsa bakin bututun ya shaƙa. Gas ne. Ya ga kansa a kicin ɗazu yana sauke buta, ya kashe murhu, ya ɗauki kofi ya fito. Bai rufe kan tukunyar ba. Ashana kuma a gefen murhu ya bar ta, ya tuna har yadda kwalin ya kwanta a karkace.

Ƙwayayen amfilifaya suna nan jajur a gabansa, tazarar tafin hannu ɗaya daga inda iskar ke shigowa. Ya kai hannu ga makunni ya tsaya, don ya san kashewa ma kan yi tartsatsi. Ya ce gara yanzu da warin bai yi yawa ba. Ya runtse ido ya danna. Jan ya dushe a hankali. Fitilar sama kuwa bai taɓa ta ba.

Ya sauke sifika ɗaya ƙasa, wadda ko ƙura ba ya yarda kowa ya goge mata, ya ɗaga ƙafar ƙarfen. Nauyinta ya kusa kayar da shi, don da yashi ya cika ta. Ya nufi wurin makulli, ya fasa: ƙarfe kan ƙarfe wuta ne. Ya koma tsakiyar ƙofar ya fara dukan katako. Dukan farko soso ya shanye. Ya yage yadin da hannu, ya ɓamɓare soson, ya ci gaba. Kafaɗunsa na mutumin da ya saba aiki da ɗan ƙaramin madubi da hantsaki suka fara kuka. Gumi ya shiga idonsa. Katakon farko ya tsage, ya tarar da roba, ya cusa yatsu yana yaga har farcensa ya ɓalle. Duk dukan da zai kai sai ya ji kamar shi ne na ƙarshe kafin gidan ya tashi. Addu'ar da ke bakinsa ta rikice, yana maimaita rabinta kawai.

Katako na biyu ya fashe, rami ya buɗe kamar faɗin tafin hannu. Warin ya shigo gaba ɗaya har ya yi tari. Tare da shi sautin gida ya shigo: hucin murhu, siririn nan mai kama da na maciji, da wani ƙaramin karas, karas.

Ya sa ido a ramin. Inna tana tsaye a bakin kicin, ɗankwalinta ya zame, kwalin ashana a hannunta. Tana goga tsinken ta gindinsa, ba ta kansa ba. Ƙarar fashewar ce ta sa ta juyo.

Ya so ya yi ihu, ya danne. In ta firgita ba a san abin da hannunta zai yi ba. Ya sassauta murya kamar yadda yake yi wa yaron da ya ga allura.

"Inna, ni ne."

Ta matso kaɗan tana kallon ramin, ta tambaya wane ne ke fasa musu gida da rana tsaka. Ta ce maigidan yana hanya, in ya zo ɓarawo zai gane kurensa. Tana magana tana jujjuya tsinken a yatsunta, ya ga jan kan ya koma ƙasa, wajen kwalin.

Ya ce shi ɗanta ne, ya faɗi sunansa na yanka. Ta ce ƙarya yake, ɗanta yaro ne, wannan kuwa muryar ƙato ce. Ta juya za ta koma wurin murhu, tana cewa shayin zai makara.

Ya durƙusa a bakin ramin. Akwai sunan da ita kaɗai take kiran sa da shi, wanda ya hana ta faɗa gaban mutane tun ya fara gemu.

"Inna, Auta ne. An kulle ni a ɗaki. Tsoro nake ji."

Ba ƙarya ya yi ba, muryar ma da kanta ta fito siririya. Inna ta tsaya. Ta dawo da sauri irin nata, tana jan silifa, ta sunkuya a bakin ramin tana tambaya wane mara imanin ne ya kulle mata yaro. Ya zura hannunsa mai jini ta ramin, katako yana yankar sa, ya ce ta riƙe shi. Ta ga jinin ta yi salati. Don ta kama shi da hannu biyu, sai ta ɗora masa kwalin a tafi.

Ya damƙe. Tsinken ma ya lalubo shi a tsakanin yatsunta ya zare a hankali. Ya janye hannun ya cusa su a aljihu, ya sake miƙa mata hannun, don ta fara kuka.

Saura makulli. Ya tambaye ta, ta ce wane makulli. Ya ce ta duba ƙugunta, ta duba bakin zane, ta shafa ta ce babu. Ya ce ta je ta murɗa abin murhu, ta kalli kicin ta kalle shi, ya ga ba ta gane ba, kuma in ta shiga tana iya taɓa makunnin fitila. Tari ya fara kama ta, ta dafa bango. Shi ma kansa ya fara nauyi.

Shekara da shekaru suna tsare ta kada ta fita ƙofar gida ita kaɗai, don titin motoci ne, kuma in ta sha kwana ba ta san hanyar dawowa ba. Yanzu shi da bakinsa ya ce mata ta fita. Ya ce ta buɗe ƙofar falo ta bar ta a buɗe, ta je shagon tela da ke kallon gidan, ta ce masa Auta yana kira. Ya sa ta maimaita. Ta maimaita, ta saki hannunsa, ta tafi. Ya ji ƙarar sakata, sannan ƙarar titi ta shigo, har da hon ɗin wata babbar mota da ya daɗe bai tsaya ba.

Bai san ko ta tsallaka ba. Bai san ko kafin ta kai bakin titi saƙon ya zube daga kanta ba. Ya ɗauki ƙarfen ya ci gaba da dukan gefen ramin, hannunsa na zamewa saboda jini, yana kuka bai ma sani ba.

Ramin ya kai ya sa kai da kafaɗa ɗaya lokacin da ya ji gudu a baranda. Tela ne, da tef ɗin awo a wuya, yana toshe hanci da hula. Mai Kunne ya ce masa kada ya taɓa makunnin komai, ya rufe kan tukunya, ya buɗe tagogi. Tela ya yi. Hucin ya tsaya. Sai a lokacin Mai Kunne ya iya tambayar inda Inna take.

Tela ya ce tana shago a zaune, matar telan na ba ta ruwa. Ya ce ba ta faɗi saƙon komai ba, ta zo ne ta tsaya a gaban keken ɗinki tana tambayarsa ko ya ga yaronta. Jinin da ya gani a hannunta ne ya sa ya taso.

Makullin a cikin butar shayi aka same shi, bayan kafintan da aka kira ya riga ya cire ƙofar daga jikin bango.

Matar Mai Kunne ta dawo ta tarar da mutane a ƙofar gida. Ta ji labarin daga bakin tela, ta shiga ta duba Inna tun daga kai har ƙafa, ta canza mata kaya. Sannan ta juyo kan mijinta. Ta zaunar da shi ta wanke hannun, ta cire tsinkayen katako da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Ya so ta yi faɗa, ba ta yi ba, kuma ta kwana biyu ba ta haɗa ido da shi ba.

Ya yi makonni bai iya riƙe kayan aiki ba, abokin aikinsa ne ya karɓi marasa lafiyarsa. Kafinta ya zo tambaya ko a haɗa wata ƙofar, ya ce a dakata tukuna, bai kuma sake kiran sa ba. Murhun gas ɗin aka fitar, aka kawo na lantarki.

Washegarin abin, Inna ta fito da safe ta tsaya a gaban ɗakin tana kallon ɓaraguzan katako da soson da aka tara a gefe. Ta kira surukarta ta ce a yi wa masu gidan nan magana, ɓarayi sun shigo jiya, ita ta gan su da idonta. Sannan ta juyo ta ga Mai Kunne da hannu a naɗe. Ta yi masa sannu cikin ladabi, irin wadda ake yi wa baƙo, ta tambaye shi garin yaya ya ji ciwo.