Wurin da Ke Gefen Rosina

Na tarar da miyar dankalin jiya a kan tebur ta daskare, ko cokali bai tsoma ba. Maƙwabcina Wendel, tsohon maƙerin jama'armu, yana bakin taga ya zuba wa maƙabarta ido.

"'Yar'uwa Dorle, yaya jikin Kaspar?"

Ba ƙauna ce ta sa shi tambaya ba, don shi da Kaspar mai gasa burodi ba sa ga maciji. A wurinmu ba a kafa dutse a kabari, ba a kuma zaɓen wuri. Layi ake bi, duk wanda ya mutu sai a kwantar da shi gefen wanda ya riga shi. Rosina, matar Wendel, ita ce ta ƙarshe a layin. Tun da dattawan cocinmu suka hana zaman aure bayan mun baro Jamus, su biyun suka koma tamkar wa da ƙanwa, ita a bene shi a ƙasa, bai taɓa gunaguni ba. Yanzu ya ƙudurta shi zai kwanta gefenta, ga Kaspar kuma yana tarin jini, yana iya riga shi.

Da na kai wa Kaspar labari, dariya ya yi har numfashinsa ya sarƙe.

"Ki ce wa mai taurin kan nan ya yi sauri. Zan jira shi zuwa Lahadi, bayan nan babu ruwana."

Tsoro ya kama ni, don na ga da gaske suke. Dattawa suka zo suka ce wa Wendel wannan son zuciya ne, ya ce shi dai abinci ne ba ya shiga. Kullum sai na tarar ya ƙara zubewa, taga kuma a buɗe cikin sanyin nan.

Ranar Asabar da hantsi aka kaɗa ƙararrawar mutuwa. Da ƙyar Wendel ya ɗago kai.

"Kaspar ne?"

Na so in ɓoye masa, na kasa. Jost ne, wani saurayi sabon shiga cikinmu, injin niƙa ya fizge shi. Ko sunan Rosina bai sani ba, ga shi kuma shi zai kwanta gefenta.

Sai Wendel ya ce in ba shi miya. Na ɗumama na kai bakinsa, amma ta ƙi wucewa. Ranar Litinin ya cika.

Kaspar kuwa ya kai har ƙanƙara ta narke, tsiro ya fito. Na gan shi wata safiya a maƙabarta, dogare da sanda, yana laluben inda kabarin Rosina ya ƙare. Ciyawa ta riga ta haɗe su ukun, ita da Jost da Wendel.