Ruwan da Tamba Ya Je Gani

A watan Agusta na 1987 likitan ido ya gaya wa Dikko cewa idon mahaifinsa na dama ya riga ya mutu, na hagu kuma saura 'yan watanni. Ya ba da maganin ɗigawa. Ya ce zai rage wa ciwon gudu, amma ba zai tsayar da shi ba.

Dikko mai buga tafireta ne a wani ofishin gwamnati a Birnin Kebbi. Mahaifinsa Tamba masunci ne a Argungu, ya yi shekara hamsin yana shiga gulbi da homa da gora.

Da suka fito daga asibiti suka biya ta unguwar Nassarawa, shagon Nwachukwu, maƙwabcin Dikko mai sayar da kayan gyaran babur, don tsohon ya huta kafin a sami motar Argungu. A bangon shagon akwai kalanda mai hoton wani dogon dutse, ruwa fari fat yana zubowa daga kansa. Tamba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa takardar.

"Wanga fa, auduga aka shanya?"

"Ruwa ne, Baba," in ji Nwachukwu. "Daga kan dutse yake faɗowa, a wani gandun daji na gwamnati, can tsaunukan gabas. Na taɓa zuwa. In kana kusa ba ka jin maganar na gefenka."

Tamba ya daɗe yana dubawa. "Ruwa kwance na sani," ya ce. "Ban taɓa ganin ruwa tsaye ba. Dikko, kai ni in gani tun idon ga bai ruhe ba."

Dikko ya ce to.

"In za ku je, ku je yanzu ko Satumba," in ji Nwachukwu. "Da damina na je."

Tamba ya yi dariya. "Mai saida tayar babur zai koya mini ruwa! Wa ke zuwa wurin ruwa da damina? Ja shike, ya ɗauko itace da mushe, ba ka ganin komi. Sai a bari ya kwanta ya washe. Duba hoton naka da kyau. Ruwan hwari ne ko ja?"

"Fari ne."

"To hoton rani ne. Ka manta dai."

Nwachukwu ya kalli kalandar, ya sosa kai. Shekara takwas ke nan da zuwansa, ya ce mai yiwuwa.

A Argungu, in ana gardama kan ranar da ruwa zai janye daga fadama, Tamba ake tambaya. Dikko bai taɓa jin ya yi kuskure ba. Duk da haka ya nemi hutu a Oktoba, aka ba shi, ya je da takardar. Tamba ya ce ba a yanke shinkafa ba, ruwa kuma bai kwanta ba. Dikko ya mayar da hutun.

Kowace Asabar yana zuwa Argungu. Yakan zaunar da tsohon a bakin zaure, ya ja baya, ya ɗaga yatsu. A Nuwamba Tamba yana ƙirga su daga taku goma. A Janairu sai daga taku biyar.

"Baba, mu tahi satin ga," in ji Dikko.

"Ka je gulbi yau?"

"Na je."

"Ka ga ƙasan ruwa?"

"Ban gani ba."

"To."

A ƙarshen Fabrairu Tamba ya sa aka kai shi bakin gulbi. Ya ɗebi ruwa a tafin hannu, ya kai kusa da idon hagu, ya ɗanɗana, ya ce yanzu kam. Ranar yana ƙirga yatsu daga taku uku.

Sun bar Birnin Kebbi ranar bakwai ga Maris. Kwana uku suka yi a hanya, mota huɗu, ta ƙarshe a-kori-kura ce mai ɗauke da buhunan gishiri. Da hanya ta fara hawa, kunnuwan Tamba suka toshe, ya zaci wani sabon ciwo ne, sai da direba ya ce ya haɗiyi yawu. Tamba bai ci abinci sosai ba. Ya riƙa rufe idon hagu da hula, yana cewa yana tanadinsa.

A ƙofar gandun an kafa babban allo mai zanen ruwan, an jera bencina na baƙi, babu kowa a kansu. Ma'aikacin da ke wurin, wani Bafulatani mai kakin gandun daji, sunansa Hodi, ya tambaye su me suka zo gani. Dikko ya faɗa. Hodi ya dubi Dikko, ya dubi tsohon.

"Daga ina?"

"Argungu."

"Subhanallahi," in ji Hodi. Ya ja Dikko gefe. "Malam, ruwan nan ya ɗauke tun Janairu. Ba gulbi ba ne irin naku. Ruwan sama ne da ke sauka kan tsauni, in damina ta wuce yakan yi wata uku ya ƙare. Sai Yuni kuma."

"Babu ko kaɗan?"

"Akwai danshi."

"Babu wani wurin? Ko nesa ne, za mu je."

"Duk na yankin nan haka suke yanzu."

Dikko ya koma wurin mahaifinsa. Tamba ya miƙe ya kama kafaɗarsa. Hodi ya shige gaba.

Tafiyar minti arba'in ce a ƙafa, suka yi ta cikin awa ɗaya da rabi. Hanyar duwatsu ce, Dikko yana faɗin inda za a sa ƙafa. Sau biyu ya buɗe baki zai faɗa masa, ya fasa. Ya yi tunanin ko ya ce ga ruwan can sama, idon ne bai kai ba. Bai gama shawara ba Tamba ya tsaya.

"Saura nawa?"

"Mun kusa, Baba," in ji Hodi. "Bayan kwanar nan."

"Mai babur ya ce ba a jin maganar na gehe." Tamba ya karkata kai. "Ni ina jin kurciya."

Suka sha kwanar.

Dutsen yana nan kamar yadda yake a kalanda, dogo, baƙi, a bushe. Wani siririn layi mai danshi ya sauko ta tsakiyarsa. A ƙasa akwai kwari mai faɗi cike da yashi da busasshen ganye, da ɗan kududdufi kore da bai kai tabarma ba.

Tamba ya cire hular daga idonsa. Ya ɗaga kai ya duba, ya daɗe. Sannan ya ce a kai shi jikin dutsen. Ya shafa shi da hannu biyu, sumul kamar cikin ƙwarya. Ya bi gefen kwarin yana laluben inda santsin ya ƙare, ya miƙa hannu sama iya tsawonsa bai kai ba.

"Har nan yake cika?"

"Har ya wuce, Baba," in ji Hodi.

"Wane launi?"

"Fari. Ko da tsakiyar damina fari ne, don kumfa ce."

"Kumhwa," in ji Tamba. Ya zauna a kan yashi. "Babban ruwa ne. Dikko, ka ce da mai babur shi ad da gaskiya."

Hodi ya ce su dawo a Yuli, shi da kansa zai kai su. Dikko ya rubuta sunansa a bayan takardar hutu.

A Afrilu Tamba yana ƙirga yatsu in an kawo su gaban fuskarsa. A Mayu yana bambance ƙofa da bango. Ruwan farko ya sauka a Argungu cikin Yuni, a makon da likita ya ce a daina ɗiga maganin.

Wata Asabar a Agusta Dikko ya iso ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya tarar da tsohon zaune a bakin zaure, ya miƙa hannu waje ƙarƙashin indararo, ruwan soro yana dukan tafinsa.

"Dikko ne?"

"Ni ne, Baba."

"Wancan na dutse, zai yi irin wanga sau nawa?"

Dikko ya dubi indararon. "Ban sani ba, Baba. Ni ma ban gani ba."

Tamba ya gyaɗa kai. Bai janye hannun ba.