Hanyar Baba Shekwolo

"Ku ɗaga ni in zauna," in ji Baba Shekwolo. "Ba za a yi mitin a kan gawata ina kwance kamar buhun masara ba."

Aka jingina shi da filo biyu a gindin mangwaron gidansa. Comfort, maƙwabciyarsa ta bayan katanga, ta ajiye masa kunun gyaɗa, ta koma gefe ta zauna. Wannan ne zama na tara tsakanin Gbagyi, waɗanda kakanninsu suka sare dajin Kudenda, da baƙin da aikin kamfani ya kawo daga Filato da Binuwai suka sayi filaye suka yi gini. Takwas ɗin baya duk baram-baram aka tashi.

Rigimar a kan hanya ce. A zuri'ar su Baba, in dattijo ya rasu, ta tsohuwar hanyar gona ake bi da shi zuwa makabartar kakanni a bakin kogi, ba ta titi ba. Yanzu gidajen baƙi huɗu ne zaune daram a kan hanyar, na farko kuwa na su Comfort ne. Likita ya riga ya ce a mayar da Baba gida, kowa kuma ya gane.

"In ranar ta zo, da guduma za mu fito," in ji Monday, babban ɗan Baba. "Ƙasar ubanmu ce."

Nicholas, mijin Comfort, ya miƙe zumbur. "Shekarata talatin a nan, kuma ina da takardar fili. A taɓa bulo ɗaya a gani!"

Comfort ta runtse ido. A garin nan ta ga yadda ƙaramar magana ke zama tarzoma, kuma 'ya'yanta da na Monday kwano ɗaya suka tashi suna ci.

Sai Baba ya fashe da dariya har da tari.

"Nicholas, katangar nan taka, tsawonta nawa?"

"Ƙafa shida, Baba."

"Ƙarya kake. Kullum ina hango sanƙonka yana wucewa."

Dariya ta ƙwace wa mutane, har shi Nicholas ɗin, da ya koma ya zauna yana shafa kai.

"To ku saurara. Ba za a rushe komai ba. Monday, ku miƙa ni ta saman katanga. Nicholas da 'ya'yansa su karɓe ni, su ratsa tsakar gidansu, su miƙa wa na gaba. Haka har kogi."

"Haba Baba! Baƙi su ɗauki gawarka?" in ji Monday.

"Wata uku matar nan tana dama mini kunu. Ban taɓa jin ɗanɗanon baƙunta a ciki ba."

Madam Lizzy, 'yar ƙabilar Tibi mai gida na uku, ta ɗaga hannu. "Baba, kajina fa?"

"Ki kulle su. Wa'azin Fasto ya ishe ni, ba sai zakara ya ƙara ba."

"Ni kuma ba namiji a gidana. Wa zai karɓe ka?"

Monday ya sunkuyar da kai, ya ce cikin ƙunƙuni, "Sai mu tsallako mu kama miki."

"Tsallake kamar ɓarayi? Ku shigo ta ƙofa, zan buɗe."

Ranar ba wanda ya tafi da fushi. Aka shiga gardamar wace katanga ce ke da fasassun kwalabe a sama, wa zai cire su. Baba ya nace a yi gwaji da shi tun yana da rai, ya ga wa zai kayar da shi. Da ƙyar aka lallashe shi aka yi da benci, yana daga kujera yana yi musu tsiya.

Bayan kwana goma sha ɗaya ya rasu, da hantsi, yana cikin sauraron rediyo.

Ranar Asabar Comfort ta kwance igiyar shanya, ta share tsakar gida sau biyu. Daga bayan katanga 'yan zumuntar matan coci suka ɗauki waƙa. Can sai ga kan akwatin gawar ya leƙo ta saman katanga, ya ɗan karkata. Nicholas da samarinsa biyu suka tallabe shi, amma yatsun Monday na nan a gefen akwatin sun ƙi saki.

"Na riƙe," in ji Nicholas.

"Ka tabbata?"

"Saki, ɗan'uwana. Na riƙe shi."

Yatsun suka janye ɗaya bayan ɗaya. Nicholas ya sa kafaɗa, hawaye na bin fuskarsa bai ma sani ba. Taku goma sha biyu suka yi, hannayen gida na gaba suna sama suna jira. Akwatin ya haye, waƙar ta bi shi, tana nisa katanga bayan katanga.

Comfort ta ɗauki tsintsiya bisa sabo, sai ta tsaya. Ga sawun takalma a kan ƙasar da ta share, miƙe sak daga wannan katanga zuwa waccan. Ta jingina tsintsiyar, ta gyara ɗankwali, ta kewaye sawun a hankali ta nufi ƙofa.