Faifan da Babu Faifai

Mai ɗaukar bidiyon bikinmu zai rufe shago, sai ya kira ni ya ce in zo in karɓi nawa kafin ya sayar da kwamfutocinsa. Ya zuba mini a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, fayil guda ɗaya ƙato, wai kwafin faifan ne sukutum. Namu faifan ya daɗe da karcewa. A duk duniya, nan ne kaɗai muryar Mama ta rage, Allah Ya jiƙanta.

Baban yara, wanda a ganinsa tare da shi aka ƙera kwamfuta, ya kwafe fayil ɗin a tamu, ya dube shi, ya yanke hukunci cewa ba zai buɗu ba sai an buga shi a faifai. Na ce kwamfutar ko wurin sa faifai ba ta da shi. Ya ce in bar masa. Na bar masa kuwa, gafara sa har watanni, ban ga ko ƙaho ba.

Rannan haushi ya ishe ni. Na ture kwanukan yara daga teburin cin abinci, na zauna, na danna fayil ɗin sau biyu kamar yadda nake yi wa kowane hoto. Sai ga wani sabon faifai ya fito a gefen allon, kamar an zura shi da hannu, bidiyon na ciki. Na buɗe. Ga Mama zaune kan kujerar roba, tana gyara mayafi.

Na kira yayata ina kuka, ta ce ranar Asabar tana tafe. Da baban yara ya dawo na nuna masa, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai da ma abin da yake shirin yi ke nan.

Ranar Asabar Yaya ta iso, ko jaka ba ta ajiye ba. Na kunna kwamfuta, babu faifan. Ban damu ba, na san dannawa ce kawai. Na nemi ƙaton fayil ɗin, shi ma babu.

Baban yara yana kishingiɗe a falo ya yi mini bayani, ko kunya babu. Wai kwamfutar ta cika, kuma tunda bidiyon ya riga ya fito a gefe, kwalin banza ne ya rage, sai ya goge, ya share kwandon sharar kwamfutar ma. Bai san cewa faifan gefen inuwar fayil ɗin ce kawai ba. Na tambayi filas, ya ce ya wanke shi tas ya zuba takardun ofis. Mai bidiyo kuwa ya sayar da komai.

"Wa ya aike ka?" na ce. "Da ba ka sani ba, bakinka ciwo yake ka tambaya?"

"To ai ba da gangan ba ne."

Ban taɓa jin na tsani wata magana kamar wannan ba. Na kwashe masa albarka a gaban Yaya, kuma har yau ban yi nadama ba.

Da na gaji na zauna, Yaya ta riƙo hannuna.

"Bar shi, ƙanwata. Ke dai da kika gani, faɗa mini. Me ta ce?"

"Ban sani ba, Yaya. Tana buɗe baki na tsayar. Na ce ba zan ji ba sai kin zo."